Jan Ƙwallon Kakana

Wata la'asar a unguwar Sultana, kakana ya fito da jan ƙwallon fata daga ƙasan akwati. Da shi ya buga wasan kurket da Turawa a Sudan lokacin samartaka. Ya goga shi a jallabiya har ya yi ƙyalli, ya miƙa mini katakon bugun ƙwallon.

"Tsaya can, ya waladi. Yau za ka ga jifa."

Ya ja da baya, ya taho da gudu zai jefa, amma hannun ya ƙi wuce kafaɗa. Ƙwallon ya gangaro ya tsaya a ƙafata.

"Halas, mu shiga ciki," ya ce, bai dube ni ba.

Har yau in na ɗauki tuffa a kasuwa, sai na goga ta a riga.