Ƙwayar da ke Cinye Saƙo

Ranar 9 ga Maris, 1987, malamai bakwai suka ƙulla alkawarin miƙewa tare a taron sashe, su shaida cewa wata ɗalibarsu ce, ba Farfesan sashen ba, ta gano sabuwar ƙwayar halitta a lakar tafkin gishiri.

Ita da bakinta ta taɓa yi masa bayani: "Ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ranka ya daɗe. Saƙon da suke aika wa juna take cinyewa, sai kowace ta zaci ita kaɗai ce, ta fasa kai hari."

Da safiyar taron, Farfesa ya bi ofisoshinsu ɗaya bayan ɗaya. "Sauran sun janye, ƙanena. Kai kaɗai ka rage, ga ka da iyali."

A zaure ɗalibar ta miƙe. "Malamaina, ku faɗa musu."

Kowannensu ya ƙura wa tebur ido.

"Zauna, 'yata," in ji Farfesa. "Rana ce ta taɓa miki ƙwaƙwalwa a bakin tafki."

Aka kore ta a makon. Sai a wurin jana'izar Farfesa malaman bakwai ɗin suka gano cewa magana ɗaya ya faɗa wa kowannensu. Har yau ƙwayar sunansa take amsawa.