Man da A-kori-kura Ke Sha

"Ajiye makullin," in ji Oga. "Shekara tara kana jan motata, ashe zuƙe min mai kake yi."

Direban ya ɗora makullin a kan bonet. Wata biyu ke nan a-kori-kurar na shan mai kamar tankin ya huje. Direban ya rantse har ya gaji. Manaja, wanda ɗan Oga ne na fari, ya ce idan an gama duba motar sai ofishin 'yan sanda. Direban ya tuna 'ya'yansa huɗu.

Makaniken da Oga ya kira don ya saita kwamfutar injin ta rage shan mai ya jona wayarsa a ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya saci man nan. An sauya saitin ne, an buɗe wa injin wuta. Dole ta sha."

"Wa ya taɓa min mota?"

"Ni ne. Yanzu na gane aikina."

Oga ya nuna direban. "Wannan munafukin ya kai maka ita?"

"A'a, wannan bawan Allah ban taɓa ganinsa ba." Makaniken ya juya wajen manaja yana murmushi. "Yallaɓai, ai kai ka kawo min ita. Ya tseren motocin na ranar Lahadi? An ce kai ka zo na ɗaya."