Maɓallin Kansila

Tun da doka ta tilasta wa masu muƙami maƙala maɓallin gaskiya a wuyan riga, Kansila Tanimu ya daina zuwa gaisuwar mutuwa. Duk abin da ya faɗa, sai maɓallin ya biyo baya da wata murya marar rai, ya bayyana abin da yake nufi. Amma yau babu makawa, domin ɗan yayarsa Kande ne ruwa ya ci a karyayyar gadar da ya yi alkawarin gyarawa.

Ya durƙusa a bakin tabarmarta.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Yana roƙon ki yafe masa," in ji maɓallin.

"Da godiya," ta amsa, ba ta ɗago ba.

"In sha Allahu bana za a gyara gadar."

"Ya san ba za a gyara ba," in ji maɓallin.

Kande ta daɗe tana jan carbi. Can ta miƙa hannu ta rufe maɓallin da tafinta, kamar yadda take toshe masa baki yana yaro.

"Sake faɗa mini, Tanimu. A bar ni da maganar ko zuwa sadakar uku."