Inuwar Faifai

"To Malama, yaro lafiyarsa ƙalau, yana shan nononsa yana barcinsa, don me za a tsire shi a sa masa ciwo a dantse?"

Wata mata ce ta yi tambayar, tana gaban Kubura a layin rigakafi a asibitin garinsu. Kubura ta sunkuyar da kai kamar ita aka kama, don tambayar da ta yi kwanaki tana cin ranta ke nan. Ɗanta na fari ne a cinyarta, kwanansa goma sha biyu a duniya. Ta taɓa ganin lambar ɗan maƙwabciyarsu ta kumbura har ta yi ruwa, kuma tun ranar abin bai bar zuciyarta ba. Maigidanta yana waje a gindin darbejiya da babur ɗinsa, ita kuwa har ta shirya abin da za ta gaya masa: allura ta ƙare, an ce a dawo wani makon.

Malamar asibitin ta ce, "Hajiya, wannan ta tarin fuka ce. Amma masu bincike suna ganin ba nan kaɗai ta tsaya ba. Kamar tana farkar da masu gadin jiki ne, su zauna cikin shiri, ko wace cuta ce ta leƙo."

"Jiki ma har da masu gadi?" in ji matar. "To su kuma wa ke kai musu tuwo?"

Mata suka yi dariya. Kubura ba ta yi ba. Ita kakarta ce ta faɗo mata a rai, marigayiya Inna Marka, da wani misali da takan ba matan da ke zuwa wurinta kitso.

Wasu mata biyu ne, in ji Inna, katanga ɗaya ta raba su, kajinsu suka yi ƙyanƙyasa a mako guda. Ta farkon ta kife 'yan tsakinta da kwando a cikin ɗaki, tana kai musu gero da ruwa har inda suke, ko inuwar tsuntsu ba su taɓa gani ba. Ta biyun ta saki nata a tsakar gida. Kullum da hantsi sai ta ɗaura tsohon faifai a bakin gora ta wuce da shi ta bisansu, inuwarsa ta share ƙasa kamar shirwa ce ta kawo sura. 'Yan tsaki su tarwatse, su shige cikin tarin itacen girki, sai can a ga suna leƙowa ɗaya-ɗaya. Har wani ya bugu a ƙafa ya yi kwana biyu yana ɗingishi. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce mata ba ta da tausayi, ita dai ta ci gaba da abinta.

Da suka fara gashi, mai kwando ita ma ta saki nata. Shirwar da ake tsoro kuwa ba ta zo ba a wannan shekarar. Muzuru ne ya zo, ta ƙasa, ta cikin rariya, babu inuwa babu fiffike. Gidan mai faifai ya fara shiga. Ɗan motsin da suka ji, kafin ya gama fito da kai, tsakar gida ta zama fayau, suna can cikin itace inda hannunsa ba ya kaiwa. Ya haura katanga. Na kwando suka tsaya suna kallonsa da ido, wasu har suka matso, don su duk abin da ya taɓa nufo su gero yake kawowa. Cikin tara, biyu suka rage.

Sai yanzu Kubura ta tuna cewa ita ma ta riƙe gorar nan. Tana 'yar shekara shida, Inna na bayanta ta dafa mata hannu, suna wucewa da faifan tare, ƙamshin daddawa na tashi daga zanen tsohuwar. Ashe mai faifan ba wata ba ce. Ta tuna da lambar da ke dantsen Inna, mai faɗin kwabo, wadda takan sa yatsa tana zagayawa in ta kwanta a jikinta da rana. Yau gidan ya rushe, an ce har gyaɗa ake shukawa a wurin da tarin itacen yake.

Aka kira sunanta. Ta miƙe ta kwance tawul, ta fito da ɗan dantsen da kanta, ta kau da fuska. Yaron ya canyara kuka. Kunyar ɗan fari ta hana ta lallashinsa a gaban mutane, sai dai ta ƙara matse shi a ƙirji a ƙarƙashin mayafi.

A bakin ƙofa ta wuce matar nan, har yanzu tana tsaye tana shawara da kanta. Maganar ta zo wa Kubura har baki, sai ta haɗiye. Wa zai saurari mai jego tana kwatanta ɗan mutum da ɗan tsako?

"An yi?" in ji maigidanta.

"An yi."

Ta hau bayan babur, ta ƙudura cewa ba wanda zai ji, daga ƙaryar da ta shirya har labarin faifan. A ranta kawai ta ƙarasa shi kamar yadda Inna ke ƙarasawa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.