Buhun Tanimu

Tun da aka hana zubar da ɓawon ƙwai, kowane magidanci yana da buhunsa. In ya cika sai a kai injin unguwa, a mayar da shi farin garin da ake shafe ɗaki. Ba a zuba ɓawon wani gida a ciki, buhun da kansa yake ganewa. In mai shi ya rasu bai cika ba, hukuma ke ɗaukewa ranar arba'in.

Mijina Tanimu yana tara nasa don ya shafe min ɗakina, sai Allah ya karɓi abinsa, saura kaɗan ya cika.

Da safen sadakar arba'in ina wanke tanda ina hawaye, maƙwabciyata Kande ta shigo ta jijjiga buhun.

"Yaya Delu, ajiye tandar nan. Yau ba waina, ƙwai za a raba."

"Wa ya taɓa sadaka da ƙwai, Kande?"

"Da can wa ya taɓa shafe ɗaki da shi?"

Mata suka yi ta shigowa da ƙwai a kwanuka, ana fasawa a tsakar gidana don ɓawon ya zama na gidan. Liman ya ce likita ya hana shi, amma don Tanimu a ƙaro masa.

Da mutumin hukuma ya zo da amalankensa bayan la'asar, buhun ya cika har bakinsa ya rufe. Mutumin ya zauna, shi ma aka zuba masa ƙwan. Ranar na fara dariya.

Ɗakin ya yi fari, har yanzu kunyar jingina nake ji.