Tuwon Kaka a Ƙofar Makaranta

Ranar na fita ban karya ba, sai kakata ta tako da ƙafa daga unguwar Bani Malik, cikin zafin Jidda, ta kawo min tuwo da miyar kuka. Tana buɗe kwanon a ƙofar makaranta, ƙamshin daddawa ya tashi. 'Yan ajinmu Larabawa suka toshe hanci suna dariya.

Na sunkuyar da kai. Kaka ta dube ni, ta rufe kwanon a hankali.

"Yalla ƙawata, maza koma ciki," ta ce. "Gobe a bayan katanga zan jira ki."

Can ta riƙa tsayawa har ƙafafunta suka gaza. Yanzu na kai shekarunta, kuma har yau ina jin nauyin cewa ban taɓa ce mata ta dawo ƙofa ba.