Kafin Ɗaya ga Yuli

"Gwamna ya sa hannu!" Fasto Dwayne ya faɗo kicin yana haki. "Daga ɗaya ga Yuli, kashe aure a jihar nan sai an ci kwakwa."

Shekara uku yana zarya a majalisar jiha saboda dokar. Matarsa Marlene ke rubuta masa jawabi, tana toya wa 'yan majalisa kek. Shi kuwa, gwanin kare iyali, rabonsa da cin abinci a gida har an manta.

"Sannu da ƙoƙari, Fasto." Marlene ta miƙa masa ambulan.

"Har an fara taya ni murna?"

"Sammaci ne. Na nemi saki tun jiya, kafin layi ya yi tsawo. Matan dattawan coci shida suna bayana."